Makin 87 da Turawa suka ba gem, da shagon autanmu a Ƙaraye

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, wanda yake sauri ya wuce abinsa, ba zan ji haushi ba. Na san kun saba ganina kan zancen taki da titi da siyasar Ƙaraye da Rogo, yau kuma sai ga ni da maganar gem. Kada ku ce Malam ya koma yaro. Kuɗin noman damina guda ne na ɗan'uwana a kan layi, shi ya sa.

Daren Juma'a muka yi ta da autanmu a tsakar gida, har sai da Inna ta leƙo ta ce mu rage murya mutane na barci. Waɗanda suka san shi sun san yana da ɗan shagon gem a nan cikin gari: talabijin huɗu, PS4 biyu, tsofaffin PS2 biyu, benci uku, da ƙaramin janareta mai tari kamar tsohon mashayin taba. Shekara uku kenan yana juya wurin, daga nan yake cin abinci, daga nan yake biyan kuɗin makarantarsa, bai taɓa zuwa ya ce Yaya ba ni ba. Ina girmama shi a kan wannan. To bana ya sayar da masararsa, ya karɓi kasonsa na raken gonarmu ta wajen Rogo, ga kwasar adashinsa ta zo, sai ya ce zai haɗa duka ya shiga Kano ya sayo PS5 da sitiyari mai totur da birki, da wani gem na tseren mota mai suna Gran Turismo 7. Wai zai zama na farko a duk yankin nan.

Na ce me ya sa wannan gem ɗin musamman? Sai ya miƙo min waya. "Yaya duba ka gani da idonka, 87 suka ba shi cikin 100. Masana ne fa, ba 'yan TikTok ba."

Gaskiya ya faɗa. Shafin da ya nuna min sunansa Metacritic, aikinsu shi ne tattara makin da jaridu da mujallun gem suka bayar su fitar da matsakaici. Gran Turismo 7 ya fito ranar 4 ga Maris 2022, kamfanin Polyphony Digital na Japan ne ya yi shi a ƙarƙashin Sony, kuma masu sharhi sun yabe shi sosai: motoci sama da 400, kowace da nauyinta da ƙarar injinta, ruwan sama na sauka hanya ta canja hali, rana na faɗuwa haske ya canja. Duk haka ne. Sai na ce masa ya ɗan ja allon ya duba ɗaya makin da ke gefe, na mutanen da suka sa kuɗinsu suka saya. A nan fuskarsa ta sauya.

Abin da ya faru shi ne, makonni biyu da fitowarsa, ranar 17 ga Maris, kamfanin ya sake wani gyara da ya rage ladan da ake samu in an ci tsere, wato kuɗin cikin gem da ake tarawa a sayi mota. A daidai lokacin kuma na'urorin kamfanin suka tsaya sama da awa 30. Shi kuwa gem ɗin, mafi yawansa ba ya buɗuwa sai yana haɗe da intanet, ko da kai kaɗai kake bugawa a ɗakinka. Mutum ya biya dala 70, faifai na hannunsa, wuta na nan, amma ya zauna yana kallon allo. Ga kuma kasuwar da aka buɗe a ciki: miliyan 2 na kuɗin gem a kan kusan dala 20 ta gaske. Akwai mota ɗaya, McLaren F1, da aka sa wa miliyan 18 da rabi. Ku yi lissafi da kanku. In da kuɗin aljihu za ka saye ta sai ka sayi ƙunshi goma, kusan dala 200 kenan, in ka buga a naira 1,500 ya kama naira 300,000. Motar da ba ta kai ka ko Gwarzo. Mutane suka fusata suka yi wa shafin dirar mikiya, makin masu saye ya faɗo ƙasa da 2 cikin 10. Sai da shugaban aikin, Kazunori Yamauchi, ya fito ya ba da haƙuri, aka raba wa masu gem ɗin miliyan ɗai-ɗai kyauta, aka kuma ƙara ladan tsere a watan Afrilu.

Autan namu ya ce to wa ya yi ƙarya a cikinsu? Na ce babu. Masu sharhin an ba su gem ɗin kafin ya shiga kasuwa, sun buga, sun rubuta, sun wallafa, sannan aka buɗe kasuwar cikin gem da farashinta ranar da aka fara sayarwa. Kamar ka aika a duba maka gida da rani ne a ce maka ba ya yoyo. Wanda ya duba bai yi maka ƙarya ba, damina ce ba ta zo ba tukuna. Su kuma masu fushin, da yawansu ba tuƙin suka auna ba, haushin kamfani suka auna, shi ya sa za ka ga mutum ya ba da sifili ga gem ɗin da yake bugawa kullum.

Amma inda nake son mu tsaya sosai shi ne nan: da 87 ɗin da 2 ɗin, babu wanda aka rubuta domin mai shago a Ƙaraye. Wanda ya ba da 87 yana zaune a Landan ko Amurka, wutarsa ba ta ƙiftawa, intanet ɗinsa na waya ne da aka ja har cikin ɗaki, ba ya ƙirga gig. Shi da ya yi fushi, awa 30 kacal aka katse masa ya ɗaga duniya. Mu fa? Mu da sabis yake tafiya in hadari ya haɗo, ya dawo in ya ga dama? Abin da ya zame musu abin kunya na kwana ɗaya da rabi, a wajenmu ranar Talata ce kawai.

Na ce masa zauna mu yi irin namu sharhin. Gem ɗin nan girmansa ya kai gig 100, kuma ana yawan sako masa gyare-gyare da sai ka sauke. A watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin 100. Fetur kuwa tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafi kowa ya san inda ya dosa, daga ƙasa da naira 200 har ya haura 1,000 a ƙarshen 2024. Duk minti ɗaya da inji ke sauke gyara, janareta na shan mai, benci kuma babu mai biya. Ga dam ɗin Challawa a bayan gidanmu muna kallon ruwa, muna kuma auna fetur da galan, amma wannan zancen wata rana ne.

Kuma ba yau ya fara ba. Bara ya taɓa sayo wani gem ɗin mota a wani shago a Kano, ba zan kama suna ba, ya dawo da murnarsa, yana sakawa aka ce sai ya sauke gyara. Kwana biyu yana kwana a shago, ya ɗora waya a kan taga yana lallashin sabis, data ta ƙare sau biyu. Da na tuna masa ya ce, "Yaya wancan daban." Kullum wancan daban ne.

Sannan ga yadda shagon gem yake samun kuɗi, wanda shi ya fi ni sani. Yaro yana zuwa da canjinsa ne, shi da abokinsa, su zauna su buga ƙwallo na minti goma, wanda aka ci ya biya ko ya tashi, na baya su matso. Ihu da tsokana da "na rantse sai na rama" su ne jarin wurin. Shi ya sa har gobe ƙwallo ce ke riƙe da duk wani gidan gem daga nan har Zariya. In an koma mota, abin da yara ke so shi ne irin su Need for Speed: Most Wanted na 2005, inda kake gudu 'yan sanda na binka, ka daki bango da gudun 200 ka ci gaba kamar ba a yi ba. Gran Turismo ba haka yake ba. Shi kwaikwayon tuƙin gaske yake yi. Ka shiga kwana da wuta, mota ta ƙi juyawa, ta miƙe da kai cikin yashi, sauran su wuce ka. Yaron da ya biya kuɗin minti goma ya ƙarar da bakwai yana juyi a cikin ciyawa, abokansa na dariya, kana ganin gobe zai dawo? Kujerar sitiyari kuma mutum ɗaya take ɗauka. Inji mafi tsada a shagon zai zama mai kawo kuɗi mafi ƙanƙanta.

To a nan ne ya kama ni, kuma dole in faɗi gaskiya ko da a kaina take. Ya ce, "Yaya kai da ka buga, ka ce min ba shi da daɗi." Ban iya cewa ba. Na buga shi a gidan wani abokina a Kano, yana da sitiyarin da komai. Ni da nake tuƙi shekara goma sha, na san hanyar Gwarzo zuwa Kabuga kamar tafin hannuna, na zauna da taƙamata. A cikin gem ɗin akwai jarrabawar lasisi, ta farko ma ba tsere ba ce: ka tashi mota, ka yi gudu, ka tsaya cak a cikin wani fili da aka shata. Shi kenan. Wallahi sau shida ina wuce layin. Na bakwai na taka birki da wuri na tsaya can baya kamar mai jiran fasinja. Yaran gidan har da riƙe ciki.

A hanyar dawowa na yi ta tunanin abin. Mun san a baki cewa in gudu ya ninka biyu, nisan da mota ke ci kafin birki ya tsayar da ita ninki huɗu yake yi. Amma sanin baki daban, ji a ƙafa daban. Yawancinmu a nan wa ya koya mana tuƙi? Wani yaya ne ko wani direba ya ba mu a fili, muka iya tashi da sa giya, aka ce mun iya. Babu wanda ya taɓa nuna mana yadda taya ke sakin ƙasa in hanya ta jiƙe, ko dalilin da ya sa ake rage wuta kafin kwana ba a tsakiyarta ba. Na koyi wannan a kan kujerar falo ba tare da na fasa wa kowa mota ba. Abin da wasu masu saye suka yi ta ƙorafi a kai, wai gem ɗin yana da jan rai, yana tilasta maka karatu kafin ya ba ka manyan motoci, ni a idona shi ne mafi amfaninsa a garin da yara ke hawa babur kafin ƙafarsu ta kai ƙasa.

Wannan ya kawo ni kan maganar Kawu. Da ya ji muna gardama washegari, hukuncinsa ɗaya ne: duk waɗannan wasannin su ke koya wa yara ganganci, a rufe kawai. Ban yi masa musu a gabansa ba, amma a nan zan faɗi ra'ayina da ladabi. Ganganci ya riga gem zuwa garin nan. Wasan babur a wajen biki, a ɗaga tayar gaba, a kwanta a kan sirdi, a yi ta zagaye ana tayar da ƙura amarya na cikin mota, wa ya koya daga PlayStation? A birni tun 2013 aka hana acaɓa, amma mu a Ƙaraye da Rogo babur shi ne ƙafarmu, shi ke kai mara lafiya asibiti, shi ke ɗauko buhu daga gona, kuma shi ne abin wasan samari. Akwai yaron unguwarmu da har yau yake ɗingishi saboda wasan babur na bikin abokinsa, bai taɓa riƙe hannun gem ba a rayuwarsa. Kafin babur ma akwai doki. Filin Sukuwa yana nan a Kano, kilisa kuma 'yan sanda sun sha hana ta a cikin gari. Son gudu a jinin samari yake, tun kakanni. Tambayar ita ce a ina za su sauke shi.

Sai dai ba zan wuce gona da iri in ce gem yana mayar da mutum direban kirki ba. A cikin gem babu rami, babu garken shanu da zai ɓullo maka bayan kwana, babu tirela da ta lalace aka sa mata ganye a maimakon alama, babu mai babur da ya ɗauko mutum huɗu ba fitila. Mafi muhimmanci, akwai maɓallin sake farawa. Yaron da ya saba in ya yi karo ya danna ya dawo sabo, in bai da mai yi masa bayani, zai iya fita da ƙarfin halin da bai dace da shi ba. Kawu yana da gaskiyarsa a nan.

Yaran shagon duk sun kalli fim ɗin Gran Turismo na 2023, kuma shi ne ma ya kunna wa autan namu wannan wutar. Labarin gaske ne: Jann Mardenborough, yaro ɗan Birtaniya da ya tashi a Cardiff, ya ci gasar GT Academy a 2011 cikin mutum kusan 90,000, kamfanin Nissan ya ɗauke shi daga gaban talabijin ya sa shi a motar tsere ta gaske, har ya zo na uku a ajinsa a tseren awa 24 na Le Mans a Faransa a 2013. Djimon Hounsou, haifaffen Benin maƙwabciyarmu, shi ya fito a matsayin mahaifinsa. Yara suna son wannan labarin, ni ma ina so. Amma mutum ɗaya ne cikin 90,000, kuma bayan ya ci gasar sai da aka yi masa horo na gaske a mota ta gaske. Sannan a watan Maris 2015 motarsa ta tashi sama a filin Nürburgring na Jamus ta faɗa wajen 'yan kallo, mutum ɗaya ya rasu. Fim ɗin ya nuna haɗarin, sai dai ya matso da shi gaban Le Mans don ya zama kamar shi ne ya zaburar da jarumi, alhali bayan shekara biyu ya faru, kuma masu sharhi da dama sun soki wannan. Ita ma gasar an daina ta tun 2016. In za a ba yara labarin, a ba su har da wannan ɓangaren.

Abin da ya fi damuna a duk wannan gardamar shi ne, yaro mai hankali irin autanmu, da zai yanke shawarar da ta shafi guminsa na shekara, bai samu abin dogaro ba sai lambar da aka ƙirga a wata duniya. Muna da masu sharhin finafinan Kannywood da Hausa, muna da masu buɗe sabuwar waya a bidiyo su gaya maka batirinta da kyamararta, muna da masu fashin baƙin ƙwallon Turai a kowace rediyo. Amma gidajen gem da suka cika kowace unguwa, suke ciyar da samari da yawa, ba safai za ka ji wani ya zauna ya yi musu bayani da harshensu ba. Ni da zan samu mai yi, ba ruwana da yadda hasken rana ke sheƙi a jikin mota. Ya gaya min: yana yi ba intanet? Gig nawa ne, kuma sau nawa yake neman gyara? Mutum nawa ke bugawa a talabijin ɗaya? In wuta ta ɗauke a tsakiyar tsere, abin da aka tara yana nan? Zagaye ɗaya minti nawa ne? Sitiyarin zai jure ƙurar hunturu da hannun yara talatin a rana, in ya lalace akwai mai gyara a Kano ko sai dai a jefar? Wanda ya amsa waɗannan ya fi min mujallu ɗari. Kuma samarin da za su iya suna nan, wasunku ma kuna karanta wannan rubutun, kuna da waya, kuna da baki, kun fi ni sanin abin nesa ba kusa ba.

Inda muka tsaya da shi kuwa, ba wanda ya ci. Ni na janye maganar cewa kada ya kawo gem ɗin mota mai tuƙin gaske sam, domin na ga amfaninsa da ƙafata. Shi kuma ya yarda ba zai zuba duka kuɗin a inji ɗaya ba. Ya ce zai fara da faifan sola da batir ya rage shan mai, wanda tun bara nake yi masa naci. Tsohon Gran Turismo 4 na PS2, wanda ya fito tun 2004 a Japan, yana da jarrabawar lasisin nan, ba ya kuma neman intanet ko na sisin kwabo, ga injinan nan biyu suna shan ƙura a shagonsa. Na ce ya fara da shi, ya sa gasa ranar Asabar, duk yaron da ya ci jarrabawar birki a bugu uku ya yi ƙwallo ɗaya kyauta, ni zan biya na watan farko. In yara sun kama, sai a yi maganar sitiyari. Ya ce hoton tsohon gem ɗin kamar na zamanin Shagari, yara za su raina shi. Na ce mu gwada mu gani. Har yanzu dai yana ɗan kumbure-kumbure, jiya ma da na wuce ta shagon gaisuwar tasa a taƙaice ce.

Ranar Asabar mai zuwa zai shiga Kano ya taya kaya a Beirut Road. In akwai wanda ya taɓa sa sitiyari a gidan gem, a Kano ko Zariya ko Funtuwa, don Allah ya gaya mana wata nawa ya yi kafin ya lalace, da kuma ko ya mayar da kuɗinsa. Mai na hannu da yake son sayarwa shi ma ya yi min magana ta akwati kafin Juma'a.